libbb na BusyBox: abin da ya cancanci aro a cikinsa, da inda yake cizo

Duk wanda ya rubuta ƙananan umarni uku ko huɗu da harshen C, irin su cat da head da wani mai kwafe fayil, zai tarar yana ta maimaita abu guda: buɗe fayil, duba ko ya buɗu, buga saƙon kuskure, fita. Kafin ya kai na biyar ya fara tunanin ware waɗannan layukan wuri ɗaya domin kowane umarni ya riƙa kiransu. libbb shi ne yadda BusyBox, shiri guda da ke tattara ƙananan umarnin Linux a fayil ɗaya, ta warware wannan matsala, kuma da yake umarni fiye da 300 ne ke cin abinci a kwano ɗaya a can, yana daga cikin wuraren da suka fi dacewa mutum ya duba kafin ya rubuta nasa mataimakan.

Bruce Perens ne ya fara BusyBox a 1995 domin faifan girka Debian, lokacin da dole komai ya shiga flofi guda mai 1.44 MB. Erik Andersen ya riƙe ta daga 1999, Rob Landley ya karɓa a 2006, Denys Vlasenko kuma ya gaje shi a cikin shekarar. Yau ita ce ke ba da umarnin yau da kullum a Alpine Linux da OpenWrt da tarin rautoci. Wannan tarihi ne ya sassaƙa halin libbb: kowane bayit ana lissafa shi, kuma idan sauƙin karantawa da ƙanƙanta suka yi karo, sau da yawa ƙanƙanta ce ke cin nasara.

Kayan suna wuri biyu. Akwai folda mai suna libbb inda kod ɗin yake, akwai kuma include/libbb.h, fayil guda mai layi fiye da 2000 wanda kowane umarni ke sakawa a samansa. Ba a sauke shi shi kaɗai, ba shi da lambar siga tasa, kuma babu alkawarin cewa yadda ake kiran wani mataimaki bana haka zai kasance baɗi.

Mataimakan da ke mutuwa

Zuciyar libbb ita ce iyalin da sunansu ke farawa da x: xmalloc, xzalloc, xrealloc, xstrdup, xopen, xfopen_for_read, xread, xwrite, xchdir, xpipe, xasprintf da sauransu. Ƙa'idarsu ɗaya ce. In aikin ya yiwu, ka samu sakamako. In bai yiwu ba, su buga saƙo su kashe shirin, ba za su dawo maka da kuskure ba balle ka manta ka duba. Layi biyar na buɗewa da dubawa da bugawa da fita sun koma layi ɗaya, kuma saƙon iri ɗaya ne a ko'ina: sunan umarnin, sai can't open da sunan fayil, sai bayanin da errno, wurin da ake ajiye lambar kuskure, ya bayar.

Ga umarnin da zai yi rabin daƙiƙa ya gama, wannan shawara daidai take. Babu abin da cp zai yi da rashin memori in ba fita ba. Akwai kuma ƙananan gyare-gyare da ke nuna an sha wuya kafin a kai gare su. Saƙon kuskure ana harhaɗa shi gaba ɗaya a ma'aji guda, a fara zubar da abin da ke jiran fita a stdout, sannan a rubuta shi zuwa stderr da kira ɗaya, saboda haka shirye-shirye biyu da ke rubutu a tasha ɗaya ba sa tsarke wa juna layi. Lambar fita kuma tana cikin xfunc_error_retval, wadda take 1 sai in ka canza ta. grep yana mayar da ita 2 tun farkon aikinsa, domin a wurinsa 1 na nufin ba a sami abin da ake nema ba. Wanda ya rubuta umarni irin wannan ya manta da wannan layi, rubutun shell da ke kiransa zai ɗauki fayil ɗin da ya ƙi buɗuwa a matsayin fayil ɗin da babu abin da ake nema a ciki.

Harafin x ɗin kansa yana yaudara wani lokaci. xmalloc_open_read_close ba ya mutuwa in fayil ya ƙi buɗuwa, NULL yake dawowa da shi. Alkawarin mutuwar ya tsaya ne a kan neman memori kawai. Wanda ke mutuwa a kan buɗewa shi ne xmalloc_xopen_read_close, mai x na biyu a tsakiya. Haka xmalloc_readlink, haka xmalloc_fgetline wanda ke ba da NULL a ƙarshen fayil. Sai ka karanta sunan gaɓa-gaɓa, ka ga wace kalma ce x ɗin ke manne da ita. Wannan suna ne mara kyau, ko da akwai hujja a bayansa.

Abu na biyu da ya kamata a sani: xopen yana kiran xopen3 ne da izinin 0666. In ka haɗa shi da O_CREAT don ƙirƙirar fayil mai ɗauke da kalmar sirri ko makulli, umask na 022 da aka saba zai bar shi a 0644, kowa a na'urar zai iya karantawa. A irin wannan wuri xopen3 da 0600 ake kira kai tsaye.

Na uku shi ne lissafin girma. xmalloc da xzalloc lamba ɗaya suke karɓa, kai ne za ka ninka adadi da girman kowane abu kafin ka miƙa. In adadin daga waje ya fito, daga kan fayil ko fakitin intanet, ninkin na iya zarce iyakar size_t ya zagayo ya zama ƙaramar lamba, a ba ka ɗan wuri, ka rubuta ka wuce bakinsa. A na'ura mai bit 32, irin da BusyBox ta fi zama a kai, iyakar ba ta da nisa: abu 2^29 masu bayit 8 kowanne sun isa su mayar da lissafin sifili. A nan gnulib, tarin mataimakan aikin GNU, ya fi shi nesa ba kusa ba, domin xnmalloc da xreallocarray suna karɓar lambobin biyu daban su duba ninkin da kansu.

xrealloc_vector dabara ce mai kyau amma mai sharaɗi. Kana ba shi jerin, da lambar faɗaɗawa, da gurbin da za ka cika yanzu. In ka ba shi 4, zai riƙa ƙara gurbi 16 duk lokacin da aka cika na baya, ya share sababbin da sifili, ya kuma tabbatar gurbin da ke gaba da naka yana nan, wanda ke da amfani ga jerin da NULL ke rufewa. Sharaɗin shi ne a kira shi a kan kowane gurbi bi da bi. Ba ya ajiye girman jerin a ko'ina, daga lambar gurbin kawai yake gane lokacin faɗaɗawa ya yi. In madaukinka ya tsallake daga 15 zuwa 17, an wuce lokacin, rubutu na gaba zai faɗa wajen gida.

Karatu da rubutu

A nan ne ko wanda ba ruwansa da BusyBox ya kamata ya buɗe libbb/read.c da full_write.c ya karanta. Kiran read na iya dawowa da ƙasa da abin da ka nema ba tare da wani kuskure ba, musamman a bututu da soket da tasha. Yana iya kuma dawowa da -1 da EINTR don kawai wata sigina ta iso yana jira. write ma haka. libbb ya raba maganin gida uku. safe_read da safe_write suna sake gwadawa in EINTR ne, ba sa yin komai bayan haka. full_read da full_write suna zagaye har sai adadin ya cika, ko fayil ya ƙare, ko an yi kuskure na gaske. xread da xwrite suna kan waɗancan, in adadin bai cika ba su mutu.

Wurin da ake tuntuɓe shi ne abin da full_write ke dawowa da shi in an rubuta wani ɓangare sannan kuskure ya faru, misali faifai ya cika a tsakiya. Ba -1 yake ba ka ba, adadin da aka riga aka rubuta yake bayarwa. Wanda ya duba ko sakamakon bai kai sifili ba kawai, zai wuce yana ganin komai lafiya alhali rabin fayil ne a faifai. Gwajin da ya dace shi ne a kwatanta sakamakon da adadin da aka nema.

safe_read ma yana da inda bai dace ba. In kana dogara da sigina ta katse karatun, misali ka saka alarm don kada ka jira har abada, ko mai kula da SIGINT yana ɗaga tuta ne kawai yana jiran babban madauki ya gani, safe_read zai haɗiye katsewar ya koma jira. Shirin sai ya zama kamar ya ƙi jin Ctrl-C. A nan read na asali za ka kira, ko poll mai wa'adi.

Ga kwafe bayanai daga wuri zuwa wuri akwai bb_copyfd_eof da bb_copyfd_size. Girman ma'ajin ana saita shi lokacin gini ta FEATURE_COPYBUF_KB, wanda yake 4 KB in ba a taɓa shi ba, kuma in an kunna FEATURE_USE_SENDFILE sai a fara gwada sendfile kafin a koma read da write. Kilobayit huɗu ya dace da ƙaramar rauta, amma a babbar na'ura yana sa kiran kanel ya yi yawa. Wanda ke gina BusyBox don saba ya ɗaga shi.

Rauni ɗaya a wannan sashe: abin da ka buga da printf ko puts yana zaune a ma'ajin stdio, kuma in ya ƙi fita lokacin rufewa babu mai gaya maka. libbb yana da fflush_stdout_and_exit, amma sai ka tuna ka kira shi. gnulib ya fi dabara, ana rajistar close_stdout da atexit sau ɗaya a farkon main, shi ke nan. Gwajin ba shi da wuya: ka juya fitowar umarninka zuwa /dev/full, wanda kowane rubutu a cikinsa ke dawowa da ENOSPC, sannan ka duba lambar fita. In sifili ce, akwai gyara.

Lambobi daga bakin mai amfani

atoi yana mayar da "12x" ya zama 12, "abc" kuma sifili, ba tare da ya ce uffan ba. strtoul yana karɓar "-1" ya ba ka babbar lambar da ta fi kowace, shi ma ba kuskure. Mataimakan libbb sun toshe duka. xatou da xatoi da xatoul suna mutuwa da invalid number in akwai datti a rubutun. xatou_range yana karɓar ƙasa da sama, ya faɗi iyakar a saƙonsa. Masu ƙarewa da _sfx suna karɓar teburin haruffan ƙarshe: a bkm_suffixes, b na nufin 512, k 1024, m kuma 1048576, kuma ana duba ninkin kafin a yi shi. Teburin dd ya fi faɗi, ya raba kB mai 1000 da k mai 1024.

In ba ka son mutuwa, akwai bb_strtou da 'yan'uwansa, kuma yadda suke amfani da errno ya cancanci a kwaikwaya. Sifili na nufin lamba ce tsantsa har ƙarshen rubutun. EINVAL na nufin lambar tana da kyau amma wata alama ta biyo ta, kamar waƙafi ko aya biyu, sai kai ka duba ko alamar da kake tsammani ce. ERANGE kuma ya haɗa sauran duka: ta yi girma, babu lamba, harafi ya manne a bayanta, ko an sa alamar ragi a inda ba a yarda ba, har "-0" ba a karɓa. Da wannan, fasa rubutu irin "80:8080" layi uku ne. Sai dai ma'anar EINVAL a nan ta saɓa da yadda mutane suka saba jinta, wanda bai karanta bayanin da ke saman bb_strtonum.c ba zai yi watsi da lamba mai kyau.

getopt32

Wannan shi ne mataimakin da ya fi rage rubutu, shi ne kuma ya fi wuyar karantawa. Maimakon madauki da switch, kira ɗaya ne ke dawo da lamba mai bit 32, kowane zaɓi da bit ɗinsa bisa jerin da ka rubuta:

opt = getopt32(argv, "^" "n:+qv" "\0" "q--v:v--q", &layuka);
argv += optind;

A nan ƙimar bit ɗin n ita ce 1, ta q 2, ta v 4. Aya biyu bayan n na nufin yana ɗaukar ƙima, alamar tarawa kuma ta sa a mayar da ƙimar lamba mara ragi a zuba ta a layuka. Da tauraro ne a wurin, da jeri za a tara, don zaɓin da ake maimaitawa kamar -e na grep. Alamar ^ a farko tana sanar da cewa akwai dokoki bayan "\0". q--v na hana a haɗa biyun. =2 na cewa dole a sami kalma biyu daidai bayan zaɓuɓɓuka, -1 aƙalla ɗaya, ?1 kada a wuce ɗaya. vv na ƙirga sau nawa aka rubuta -v. Duk dokar da aka karya, a buga bayanin amfani a fita. Kafin siga 1.28 waɗannan dokoki ana zuba su ne a wani wuri daban mai suna opt_complementary, saboda haka tsofaffin misalan da ke yawo a intanet ba za su ginu a kan sabon kod ba.

Abin da ke lalacewa iri uku ne, kuma kwamfaila ba ya ganin ko ɗaya. Manunan da ke bin bayan rubutun dole su zo a jerin da zaɓuɓɓukan suka zo, kuma babu mai duba nau'insu: ka ba da manunin char a inda n:+ ke jiran int, ko ka manta ɗaya, shirin ya rubuta a wurin da ba nasa ba. Na biyu, in ka cusa sabon harafi a tsakiyar jerin, duk bit ɗin da ke bayansa sun gusa, -q ya fara aikin -v. Na uku ya fi ɓuya: zaɓin da ke cikin IF_FEATURE yana ɓacewa in an kashe wannan sashe lokacin gini, na bayansa su gusa a wannan ginin kaɗai. Shi ya sa ake ajiye irin waɗannan a ƙarshen jeri, a kuma ninka bit ɗinsu da ENABLE_FEATURE domin ya zama sifili in babu shi. Iyakar zaɓi 32 ma tana nan, umarni mai yawan tutoci kamar ls ko tar yana matsowa kusa da ita.

Duk da haka ina ganin cinikin ya biya a cikin BusyBox. A wajenta, inda ba a ƙirga bayit, getopt_long da switch na yau da kullum ya fi sauƙin gyara bayan shekara biyu.

Hanyoyi da folda

concat_path_file yana haɗa folda da suna ba tare da ninka / ba. concat_subpath_file yana yin haka, amma ya dawo da NULL in sunan "." ne ko "..", wanda ke kawar da kuskuren da ke sa mai zagaya folda ya yi ta juyawa wuri ɗaya. safe_strncpy kullum yana rufe rubutu da sifili, sai dai yana datse abin da ya yi tsawo shiru, kuma datsattsen sunan fayil sunan wani fayil ne daban.

recursive_action ne ke zagaya bishiyar folda ga chmod -R da find da ire-irensu. Kana ba shi tutoci kamar ACTION_RECURSE, ACTION_FOLLOWLINKS da ACTION_DEPTHFIRST, da fankshin ɗaya na fayil, ɗaya na folda. Yana da sauƙin amfani, amma a nan shekarunsa suka fi nunawa. Cikakkiyar hanya yake ginawa a rubuce ya miƙa wa stat da opendir a kowane mataki. Bishiyar da hanyarta ta wuce PATH_MAX, wato 4096 a Linux, za ta ba da ENAMETOOLONG. Mafi muni, tsakanin lokacin da aka duba folda da lokacin da aka shiga, wani mai izinin rubutu a wurin zai iya musanya ta da mahaɗi mai nuni zuwa wani waje. In root ne ke gudanar da umarnin a folda irin /tmp, wannan ƙofa ce. dirtree na toybox, wani shiri mai kama da BusyBox, yana riƙe folda a buɗe ya yi aiki da openat, fts na gnulib ma haka yake yi, kuma sabon mataimaki da za a rubuta yau a can ya kamata ya kwaikwayo.

Farashin zama a fayil guda

Da yake duk umarnin suna cikin fayil ɗaya, duk wani babban ma'aji da umarni ɗaya ya ayyana a matsayin static kowane umarni ne ke ɗauke da shi. docs/keep_data_small.txt ya yi bayanin wannan. Maganin shi ne ka tara dukan canje-canjenka na gama-gari a struct globals, ka nemi wurinsa lokacin gudu ta INIT_G, ka riƙa isa gare su ta G. In ƙanana ne, ana ɗora su a kan bb_common_bufsiz1, wani ma'aji na kowa da kowa mai kimanin 1 KB, tare da BUILD_BUG_ON da zai tsayar da gini in sun fi ƙarfinsa. Dabara ce mai aiki, amma ma'anarta ita ce libbb cike yake da abin da ake rabawa: applet_name, option_mask32, ptr_to_globals, ma'ajin da utoa ke sake rubutawa a kowane kira, da auto_string wanda ke riƙe rubutu huɗu na ƙarshe kawai ya saki na baya. Kira biyu na utoa a cikin printf ɗaya za su buga lamba ɗaya sau biyu. Shiri mai zare da yawa kuwa kada ma ya kusanci wannan kod.

Sai maganar NOFORK. Shell na BusyBox na iya gudanar da wasu umarni a cikin jikinsa ba tare da fork ba, wato ba tare da tayar da wani sabon shiri ba, don sauri. To yaya mataimaki mai mutuwa zai yi a nan, tunda in ya kira exit shell ɗin ne zai mutu? Duk mutuwa tana bi ta xfunc_die, shi kuma yana duba manunin die_func. A yanayin NOFORK an saita shi ya yi longjmp ya koma wurin mai kira. Tsarin yana da kyau, kuma darasi ne ga duk mai rubuta nasa: ƙofar fita ta zama ɗaya tak. Amma tsallen ba ya sakin memori, ba ya rufe fayil. Shi ya sa docs/nofork_noexec.txt ya kafa doka mai tsauri: xmalloc sau ɗaya kawai, a neman farko, bayan nan kuma babu sauran mataimaki mai x, sai malloc na asali da dubawa da hannu. Wato a wurin da shirin zai daɗe yana raye, BusyBox da kanta ta hana amfani da rabin libbb. Wanda ke tunanin ɗaukar waɗannan mataimaka ya zuba a shirin da zai yi wata shida yana gudana a saba, ko a laburaren da wasu za su kira, ya karanta wannan doka tukuna.

Ƙara naka

Matakan ba su da yawa. Ka fara da make defconfig, sannan make baseline, wanda ke gina shirin ya ajiye shi da sunan busybox_old. Ka rubuta sabon fayil a libbb, ka sa layin //kbuild:lib-y += suna.o a samansa. Ka ayyana fankshin ɗin a include/libbb.h tare da FAST_FUNC. Ka je wuraren da ke maimaita wannan aikin ka mayar da su suna kiransa. Daga nan make bloatcheck zai jera kowane fankshin da girmansa na da da na yanzu, da jimilla a ƙasa. Al'adar aikin ita ce a liƙa wannan tebur a bayanin canjin, kuma mataimakin da ya ƙara girma maimakon ya rage yana buƙatar hujja mai ƙarfi. Wannan ma'auni ne mai kyau ko a wajen BusyBox: fankshin mai kira ɗaya tak bai zama na kowa ba tukuna, a bar shi static a inda yake. Ana gini da -ffunction-sections da --gc-sections, saboda haka wanda ba a kira ba ba ya shiga fayil ɗin ƙarshe.

FAST_FUNC yana da tarko. A x86 mai bit 32 yana canza yadda ake miƙa ƙimomi, ta rajista maimakon stak. A x86-64 da ARM ba ya yin komai. In ka miƙa fankshin mai FAST_FUNC ga qsort ko signal, ko ka manta da shi a kan wanda recursive_action zai kira, komai zai yi aiki a kwamfutarka ya faɗi a tsohuwar na'ura. Haka in mataimakinka yana kiran fork kai tsaye, ba zai yi aiki a na'urar da ba ta da MMU, wato sashen da ke ware wa kowane shiri memorinsa, ba, inda vfork kaɗai ke akwai. spawn da xspawn da spawn_and_wait sun riga sun ɗauke wannan nauyi. Ka gina da allnoconfig tare da umarninka kaɗai a kunne, domin a nan ake gane mataimakin da ya dogara da fayil ɗin da ba a ginawa sai wani umarni na kunne.

Gwaje-gwaje suna folda testsuite, amma yawancinsu umarni suke gwadawa daga waje. Akwai tsarin gwajin ciki ta CONFIG_UNIT_TEST, sai dai fayiloli kaɗan ne na libbb ke amfani da shi. Bayani a rubuce ma bai taka kara ya karya ba: sharhin da ke cikin libbb.h da saman getopt32.c shi ne littafin, sauran sai grep da karanta yadda wasu umarni suka yi.

Lasisi, da wanda ya dace da shi

BusyBox tana ƙarƙashin GPL siga ta 2 kaɗai, kuma an taɓa zuwa kotu a kanta: a 2007 aka shigar da ƙara a Amurka a madadin Andersen da Landley a kan kamfanin Monsoon Multimedia saboda rarraba ta ba tare da kod ba. Wasu fayilolin libbb suna ɗauke da "siga ta 2 ko ta gaba" a samansu, don haka sai an duba kowanne. In ka kwafe su cikin shirin da za ka rarraba, shirin naka ya shiga sharuɗɗan GPL. Kod mai siga ta 2 kaɗai kuma ba ya haɗuwa da mai siga ta 3, wanda ke nufin ba za ka cakuɗa shi da sassan gnulib irin xalloc ba.

Ga mai rubuta sabon umarni a cikin BusyBox, babu zaɓi, kuma babu abin kuka: libbb zai rage masa rabin aiki. Ga mai tarin umarninsa na kansa a Linux da ke son kod ɗin da zai kwafa ba fargaba, lib na toybox ya fi dacewa. Landley ya fara toybox a 2006, lasisinsa 0BSD ne wanda ba ya neman komai, Android ma shi take amfani da shi tun siga ta 6, kuma lib/xwrap.c da lib/lib.c suna bin wannan salo na x ɗin da tsabtar da ta fi. Ga wanda dole shirinsa ya ginu a BSD da macOS da Solaris, gnulib ne, da sharaɗin ya yarda da autoconf da automake da tarin fayilolin da gnulib-tool zai jawo masa saboda sashe ɗaya da ya nema.